Hatsi a Hannu Ɗaya, Littafi a Ɗaya

Ni Bahaushe ne gaba da baya, kuma Kirista ne. A Legas duk wanda ya ji haka sai ya sake kallona. Bayarabe ya ce bai taɓa sanin akwai irinmu ba, ɗan'uwana Bahaushe kuma ya tambaye ni asalin yarena, a zatonsa daga Filato ko kudancin Kaduna na fito. Ba ni da wani yare sai Hausa. An haife ni a wani ƙauyen Maguzawa a kudancin Katsina, ta wajen Malumfashi. Yau shekaruna sun haura sittin, fiye da rabinsu a Agege na yi su, ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12, kuma dattijo ne ni a majami'armu da ake sujada da Hausa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin daidai ne mutum ya taso daga garinsu, ya tarar da wasu suna zaune da al'adarsu, ya ce ya kawo musu addini? Da yawa daga nesa suke wannan muhawara. Mu a tsakar gidanmu aka yi ta, a kan kakana da mahaifiyata.

Kaka shi ne mai gida a babban gidanmu. 'Ya'yansa maza duk a gandunsa suke noma, da matansu da mu jikoki, gida ɗaya ƙofa ɗaya. Kusa da rumbuna akwai wani itace mai baki biyu da aka kafa, jigo muke ce masa, nan yake yanka kafin a fara shuka da kuma bayan an yi girbi. Kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta. Mun tashi muna jin sunan Kure da Doguwa kamar yadda yaro ke jin sunan dangin da bai taɓa gani ba. Kada wani ya ce mutanenmu ba su san Allah ba. Sun san shi, suna kiran sunansa safe da yamma, sai dai a ganinsu ya yi nisa, iskoki ne na kusa da ake lallashi.

Ba zan ɓoye alherin gidan nan ba. Mutum zai bar rumbunsa a bayan gari shekara guda, ko zangarniya ɗaya ba za a taɓa ba. Idan Bamaguje ya rantse, magana ta ƙare. Matanmu suna da gayaunarsu da rumbunsu, su dafa giya su sayar, kuɗinsu nasu ne. Idan wani ya kwanta ciwo da damina, gayya za a yi a nome masa gonarsa ba tare da ya roƙa ba.

Amma a gidan nan ne Inna ta binne 'ya'ya biyu kafin ni, duka baƙon dauro ya ɗauke su, aka ce mata Doguwa ce ta yi fushi. A ƙauyen nan ne kuma aka kama wata tsohuwa, gwauruwa marar ɗa, aka ce ita ta kama kurwar wani yaro. Inna tana amarya a lokacin, da idonta ta gani. Aka tuɓe tsohuwar a bainar jama'a, aka sa ta tsallaka yaron don ta saki kurwarsa, tana rawar jiki, tana rantsuwa ba ta san komai ba. Yaron bai kai gari ya waye ba. Ita kuwa tsohuwar da asuba ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta fita, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Har Inna ta tsufa, in ta zo kan wannan labari sai muryarta ta sarƙe.

Mai bisharar da ya fara zuwa mana baƙar fata ne, daga kudancin ƙasar Zazzau, Malam kawai muke ce masa. A kan keke ya zo. Bai buɗe baki ya yi wa'azi ba sai da ya je ya durƙusa gaban mai unguwa da dattawa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi izinin zama. Aka ba shi wani fako da kowa ya raina, ya yi ta zuba masa taki har ya zama gona. Idan ana gayya da shi ake yi. Da yamma ya jingina baƙin allo a gindin tsamiya, yana koya wa yara da duk babban da ke so karatun boko. A nan na fara sanin baƙi da wasali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zamansa da Kaka. Tabarma ɗaya suke zama, Kaka da ƙwaryar giyarsa, Malam da ƙoƙon kununsa. Bai taɓa sha ba, bai kuma taɓa yatsine fuska ba. Wata rana ina gefe ina ɓarar gyaɗa na ji Kaka yana cewa, "Malam, maganarka da daɗin ji. To in na bi ka, wa zai riƙa ba na gida abincinsu? Ubana ya bar mini su amana." Malam ya ce, "Baba, ban zo in ƙwace maka komai ba. Na faɗa maka abin da na sani, saura tsakaninka da Allah. Ba a yi wa wannan abu gaggawa."

Da ƙanwata ta kamu da baƙon dauro, jikinta kamar wuta, idanu sun rufe, Malam ne ya ɗauki Inna da yarinyar a bayan kekensa ya kai su ɗakin shan magani na 'yan mishan, tafiya mai nisa cikin yashi. Yarinya ta tashi. Inna ta sha faɗa mana cewa tun daga fitarsu har dawowarsu bai ce mata uffan a kan addini ba. Sai bayan shekaru ta je da ƙafarta ta ce tana so a yi mata baftisma. Da matan gida suka tambaye ta dalili, cewa ta yi, "Na gaji da tsoro." Baba ya biyo bayanta daga baya. Kaka bai hana su ba, bai kuma bi su ba.

Sai farin 1973 ya zo. Ina da wayo sarai. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, rumbuna suka zama wayam, aka koma cin tafasa da dusa. Ana cikin wannan hali wata ƙungiyar masu wa'azi ta iso da babbar mota, da lasifika, da majigi, da buhunan hatsi, har da Bature ɗaya mai ɗaukar hoto. Ba su nemi mai unguwa ba, ko Malam ba su shawarta ba. Da dare suka nuna majigi, suka ce wanda ya karɓi Yesu ya ɗaga hannu. Da safe aka kafa tebur, wanda aka rubuta sunansa shi ake auna wa hatsi. Mutumin da 'ya'yansa suka kwana biyu ba su ga tuwo ba, me kake tsammani zai yi da hannunsa?

Rana ta uku suka ce a fito da kayan tsafi a ƙone. Samari suka bazu gida-gida. Ƙaramin baffana yana cikinsu, shi ya shiga gidanmu ya girgiza jigon nan har ya tumɓuke shi, ya saɓa a kafaɗa. Kaka yana tsaye a bakin zaure, riƙe da sandarsa. Bai ɗaga murya ba, bai tare hanya ba. Ya bi ɗansa da kallo har aka jefa itacen cikin wuta, ana waƙa ana tafi, mai hoto yana ta ɗauka. Mahaifin Kaka ne ya kafa itacen nan da hannunsa. Da aka aiko masa da tiya biyu ta hatsi, cewa ya yi a mayar. Ya ce, "Mutumin da ya zo mini da hatsi a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ban san wanne ne yake so in karɓa ba."

Da daddare Malam ya zo. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa gaban Kaka, ya ce, "Baba, ka gafarce mu. Da sunan Ubangijina aka yi maka wannan, amma ba shi ya aiko a yi ba." Ya ajiye rabin buhun dawa daga cikin ɗan abin da ya rage wa iyalinsa. Wannan kam Kaka ya karɓa. Amma bai sake zama gindin tsamiya sauraron Malam ba har ya bar duniya, a kan abin da ya gada ya rasu. Malam yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa. Su kuwa masu ɗaga hannu, da damina ta yi kyau akasarinsu suka koma inda suka fito, shi kansa baffan nawa bai daɗe a majami'a ba.

Kada a ce Kiristoci kaɗai ke da wannan tabo. Dattawanmu suna ba da labarin rangadin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965 don musuluntar da jama'a a sassan Arewa. Sun ce akwai waɗanda suka karɓa da zuciya ɗaya, har yau jikokinsu Musulmi ne na ƙwarai, akwai kuma waɗanda suka shiga layi don yadi da ɗan kuɗin da ake rabawa, ko don kada su ɓata da hakimi. A ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu kuma akwai wani malamin allo da bai taɓa aibata kowa ba, Maguzawa suna kai masa ajiya saboda amanarsa, gidaje da dama ta dalilinsa suka musulunta. Mu da aka yi ta zawarcinmu ta kowane ɓangare, mun iya bambance mai son mu da mai son yawanmu.

Da na zo Legas ne na fahimci cewa wannan tarihi ya girme mu nesa ba kusa ba. Wata shekara ikilisiyarmu ta shirya ziyara Badagry, inda 'yan mishan suka sauka a 1842, muka ga benen nan da suka gina a 1845. A can na ji labarin Samuel Ajayi Crowther filla-filla. Bayarabe ne da aka kama shi bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku aka kai shi Saliyo, ya yi karatu, a 1864 ya zama baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilika. Ya yi aiki a bakin Kwara, yana shiga fadar Etsu Masaba a Bida da ladabi, yana zama da malaman Musulunci ana tattaunawa ba zagi. A 1890 wasu samarin Turawa 'yan mishan suka zo da zafin kai, suka ce aikinsa ya yi sanyi, suka dakatar da fastocinsa baƙaƙen fata a gaban idonsa. Tsohon bai daɗe ba, ya rasu nan Legas a ranar ƙarshe ta 1891, aka naɗa Bature a gurbinsa. Ina jin wannan sai Malam da mutanen babbar mota suka faɗo mini a rai.

A nan Legas ɗin ne kuma Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka a watan Disamba na 1893, da niyyar kai bishara ƙasashenmu na Arewa. A ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Samari ne da suka bar iyayensu suka zo suka mutu a ƙasar da ba su san kowa ba, ba zan taɓa raina wannan ba. Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan wahalar su Likita Miller na Zariya da Hausawan da suka yi aikin tare da su, shi Inna ta koyi karantawa da tsufanta, tana bin layi da yatsa. Ni ɗan wannan aiki ne, ba na musu.

A watan Nuwamba na 2018 labari ya bazu cewa mutanen wani tsibiri a tekun Indiya, North Sentinel, sun kashe wani saurayi ɗan Amurka mai suna John Chau da kibiya. Shekararsa 26. Dokar Indiya ta hana kowa kusantar tsibirin, domin mutanen ba sa hulɗa da kowa, kuma ciwon da mu muke ɗauka ƙarami yana iya ƙarar da su. Ya biya masunta suka kai shi a ɓoye. Tun a ranar farko suka harbe shi, kibiyar ta soki Littafin da ke hannunsa, ya tsira, ya sake komawa. A teburin mai shayinmu na Agege an kwana biyu ana wannan zance. Wani maƙwabcina Alhaji, wanda muka shekara da shekaru muna cin arziki tare, ya juyo ya ce, "Dattijo, kai mutumin coci ne, wannan yaro shahada ya yi a wurinku ko ganganci?"

Na ce, "Alhaji, na yi masa kuka, don na san ƙauna ce ta kai shi. Amma masu gida sun ce ba sa so, da bakin da suke da shi suka faɗa. Almasihu da kansa ya ce wa almajiransa, garin da bai karɓe ku ba ku karkaɗe ƙurar ƙafafunku ku wuce. Bai ce ku haura katanga ba. Da ya kai musu mura ta kashe 'ya'yansu fa, wa zai amsa wannan?" Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "Mu ma an ce mana babu tilas a addini. Sai dai faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi."

Wadda ta fi matsa mini lamba ita ce 'yata ta uku, mai sunan Inna, wadda nake kira Uwata. A jami'a ta karanci ilimin zamantakewar al'umma. Ita ta fara gaya mini cewa masana suna da wani ra'ayi, wanda ake dangantawa da wani malami a Amurka mai suna Franz Boas da ɗalibansa, cewa kowace al'ada da ma'auninta ake auna ta, ba da na baƙo ba. Ta ce sun fito da shi ne a zamanin da Turawa ke jera al'ummai daga sama zuwa ƙasa, su a ƙoli, mu a gindi. A 2022, da Fafaroma Francis ya je Kanada ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasar, ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta. Ta ce yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana, akasarinsu a hannun coci-coci, aka hana su yarensu, aka aske musu gashi, da yawa ba su koma gida da rai ba. Ta ce, "Baba, ka ga abin da nake faɗa? Da an bar kowa da abinsa, da Kakanku bai mutu da baƙin ciki ba."

Na daɗe ban amsa ba, don maganarta ta taɓa inda ke mini ciwo. Daga baya na ce, "Uwata, abin da aka yi wa yaran nan zalunci ne, abin da aka yi wa Kaka ma zalunci ne, ko a gaban wa zan faɗa. Malaman naku sun yi gaskiya da suka ce baƙo ya fara zama ya fahimta kafin ya yanke hukunci. Amma idan kin ce a bar kowa da al'adarsa, wa kike nufi? Kaka, ko tsohuwar da aka tuɓe? Su biyun duk 'yan al'ada ɗaya ne. Wadda kika ci sunanta ba Bature ne ya ce mata ta gaji da tsoro ba, ita ta ji a jikinta. Da an kewaye ƙauyenmu an ce kada kowa ya shiga don a adana mu yadda muke, da an yanke mata hukunci ba a tambaye ta ba, kamar dai yadda masu babbar mota suka yanke wa Kaka." Ta ce to wa ke da ikon cewa wannan al'ada a riƙe, waccan a bari? Na ce mutanen da ke cikinta, har da matansu da marasa galihunsu, bayan sun ji magana cikinsu a ƙoshe, ba wanda ya tsaya a kansu. Ba ta gamsu duka ba. Har yanzu in ta zo gida da mijinta sai mun taɓa.

Wannan ne ya sa da aka saka ni a kwamitin bishara na majami'armu na zama mai yawan magana. Muna tara baiko muna tallafa wa masu aiki a ƙauyukan Arewa. Wata rana wani matashi mai himma ya dawo daga wurin wasu mutanen kan dutse, ya kawo hotuna yana so a nuna wa jama'a ranar Lahadi don a ji tausayi a ba da kuɗi. Na karɓi wayar na duba. Tsofaffin mata ne da ɗan abin da suka saba rufe jiki da shi, wata tana kare fuska da hannu. Na ce, "Ɗana, ka tambaye su kafin ka ɗauka? Sun san a gaban taro za a haska su a Legas? Da mahaifiyarka ce fa?" Ya yi shiru, sai ya ce ai don a taimake su ne. Na ce haka mai hoton da ya zo garinmu ma ya ɗauka.

Aka kai ruwa rana a kwamitin. Na kawo shawara uku: kada mai bishararmu ya zauna a gari sai da yardar masu garin, kada a haɗa rabon abinci ko magani da rubuta sunan masu tuba, kada kuma a taɓa kayan gadon kowa, in mai abu ya ga dama ya rabu da shi da hannunsa. Wani dattijo ɗan'uwana ya ce ina sanyaya aikin Ubangiji, rayuka suna hallaka muna ta lallashi. Na san da gaske yake, ba don mugunta ya faɗa ba. Na ba su labarin Kaka da Malam daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi a gaban taro ba. Biyun farko suka wuce. Ta ukun, da maganar hotuna, har yau ba mu daidaita ba, akwai ma waɗanda suka rage abin da suke bayarwa.

Da muka tara kuɗin rijiyar burtsatse ta farko, wasu suka so a haƙa ta a harabar majami'ar ƙauyen. Mai bishararmu na can ya kira ni a waya ya ce, "Baba, in aka sa ta nan, rabin gari ba za su shigo ɗiba ba, waɗanda suka shigo kuma za su ji kamar bashi suka ci." Muka koma kwamiti da maganarsa, aka amince a haƙa ta a dandali, kusa da inda mata ke sussuka. Masu garin da kansu suka zaɓi wanda zai riƙa tara kuɗin gyara, suka ɗora wa wani tsoho da har yanzu yake yanka wa iskokin gidansu, saboda shi ne kowa ya yarda da amanarsa. Bara famfon ya lalace sau biyu, duka biyun shi ya kira mai gyara ya biya, ya kuma aiko mana da lissafi ta hannun mai bishara.